Sufurus ko Sida, Mahogani ko Rozwud: Wane Katako Za Ka Duba Wajen Sayen Jita?

Tambaya: Malam, na ɗan jima ina koyon jita da wata mai araha, yanzu ina so in sayi ta kirki, irin wadda ba ta buƙatar lantarki, mai tsirkiyoyin ƙarfe. Duk inda na duba sai a ce wannan sufurus ce da rozwud, waccan sida ce da mahogani, kowa yana yabon tasa. Yawanci da yatsu nake kaɗawa ina rera waƙa a kai, jefi-jefi nake ɗaukar fik, wato ɗan fallen robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi. Wane katako ya fi, kuma bambancin ya kai a ƙara kuɗi dominsa?

Amsa: Ɗan'uwa, a jikin jita katako kashi huɗu ne: na fuska, na baya da gefe, na wuya, da allon da yatsu ke dannawa. Ba matsayinsu ɗaya ba. Fuska ce take yin kusan dukkan aikin sauti. Katakon baya da gefe kuwa, wanda shi masu talla suke rubutawa da manyan baƙaƙe, shi ne kuma yake ɗaga farashi, tasirinsa a kunne bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan ka riƙe wannan, rabin ruɗanin ya kau.

Ga dalili. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙara, domin siririya ce, yanka iska take yi ba ta tura ta. Girgizarta tana sauka kan jaki, wato katakon nan da aka manna a ƙasan rami inda tsirkiyoyi suke ɗaure, shi kuma jakin ya miƙa wa fuska. Fuskar falle ce mai kaurin milimita biyu da rabi zuwa uku, ita ce take kai da komo tana tura iska har sauti ya iso kunnenka. Yadda fata take ga ganga, haka fuska take ga jita: icen gangar yana da nasa taimakon, amma fatar ce mai magana. To, wannan siririn fallen yana ɗauke da jan tsirkiyoyi shida na ƙarfe, wanda ya kai nauyin kilo 70 ko fiye, dare da rana, shekara da shekaru. Saboda haka ana neman katako mai hali biyu da ba su cika haɗuwa ba: mara nauyi, don ƙaramin taɓi ya motsa shi, kuma mai tauri ta tsawon jijiyarsa, don kada ya lanƙwashe. Itatuwan ƙasashen sanyi masu girma a hankali, dangin sufurus, su suka fi cika wannan sharaɗi, shi ya sa tun daga goge na Turawa har fiyano su ake sawa a wurin da sauti ke fita.

Masu ƙera jita sun daɗe da sanin haka. A 1862 Antonio de Torres, mutumin Sifen ɗin da ya daidaita siffar jitar zamani, ya haɗa wata jita da fuskar sufurus mai kyau, amma baya da gefe ya yi su da kwali. Tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Barcelona. A 1995 kuma Bob Taylor, mai kamfanin Taylor a Amurka, ya ɗauko katakon dandamalin da ake ɗora kaya a kai a bayan masana'antarsa, har da ramukan ƙusa a jiki, ya haɗa jita da shi, don ya nuna cewa hannun maƙeri da tsarin aikinsa sun fi sunan itacen nauyi.

Saboda haka mu daɗe a kan fuska.

Sufurus na Sitka shi ne ka fi cin karo da shi. Yana fitowa ne daga gaɓar tekun Fasifik, daga Alaska zuwa yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka. Ba ya ƙin kowa: mai fik da mai yatsu duk yana karɓarsu, kuma idan ka dake shi da ƙarfi ƙarar tana ƙaruwa ba tare da sautin ya cakuɗe ba. Wasu suna raina shi don yawansa, wai na kowa ne. Wannan raini ba shi da tushe, da yawa daga cikin jitocin da ka taɓa ji ka yaba a faifai da shi aka yi su.

Akwai na Adirondak, daga gabashin Amurka ta Arewa, wanda ya fi Sitka tauri. Shi ne a fuskar jitocin kamfanin Martin na Amurka na shekarun 1930 da har yau ake tseren mallaka, kafin kamfanin ya koma Sitka a tsakiyar shekarun 1940. Mai hannu mai nauyi, wanda yake kiɗa cikin ƙungiya yana so a ji shi, shi ne yake cin moriyarsa. A hannu mai laushi kuwa sau da yawa sai ka ji kamar jitar ba ta farka ba. Engelmann, na tsaunukan Rocky, da sufurus na Turai, na tsaunukan Alps, sun karkata ɗaya ɓangaren: sun fi sauƙin motsawa, suna amsa ƙaramin taɓi, masu kaɗawa da yatsu suna son su.

Sai sida, wato jan sida na yammacin Amurka ta Arewa. Ya fi sufurus rashin nauyi da laushi, launinsa ja-ja ne ko ruwan ƙasa. José Ramírez na uku, a Madrid, shi ya yaɗa shi a jitocin gargajiya masu tsirkiyar roba a shekarun 1960, daga baya masu tsirkiyar ƙarfe suka ɗauka, irin su Lowden a Ireland ta Arewa da Seagull a Kanada. Halin sida shi ne gaggawar amsawa. Da ka shafa tsirkiya da tsokar yatsa sautin ya fito a cike, da ɗumi, ba ka buƙatar yin kokawa da shi. Inda yake gazawa shi ne sama: idan ka riƙe fik mai kauri kana duka da ƙarfi, akwai wurin da ƙarar take tsayawa, daga nan duk ƙarfin da ka ƙara sai ya zama hayaniya. Kuma laushinsa gaskiya ne, farce kaɗai yana iya bar masa tabo, saboda haka in kana da yara masu ɗaukar kaya ko kana yawan tafiya da ita, ka san da wannan.

Tunda ka ce da yatsu kake kaɗawa, kana waƙa, fik kuma jefi-jefi, sida ko sufurus mai sauƙi irin Engelmann su ne na farko da zan sa a hannunka. Amma ba zan hana ka Sitka ba, saboda abin da zan faɗa yanzu.

Sunan itace ba ya gaya maka halin fallen da ke gabanka. Itace halitta ce, wani ya tashi a gangaren dutse wani a kwari, wani an tsaga shi daidai wani an karkace. Falle biyu na Sitka suna iya bambanta da juna a tauri da nauyi fiye da yadda Sitka ya bambanta da Engelmann. Mai haɗa jita da hannu yakan ɗauki fallen ya lanƙwasa shi tsakanin hannayensa, ya riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunne ya ƙwanƙwasa, sannan ya yanke shawarar kaurin da zai bar masa. Mai tauri ya ƙara fere shi, mai laushi ya bar masa nama. Masana'anta mai fitar da ɗaruruwa a rana ba ta da wannan lokacin, kauri ɗaya take ba kowane falle, kuma takan bar shi da ɗan kauri don kada a dawo mata da kaya. Abin da ya sa ke nan za ka ɗauki jita biyu, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, katako ɗaya a takarda, ɗaya tana raira waƙa ɗayar tana gunaguni.

Kafin ma ka tambayi sunan itacen fuska, tambayi wannan: tsantsar katako ce ko manne? Manne shi ne siraran falle, galibi uku, da aka haɗa da gam, jijiyar kowanne tana gicciye ta ɗan'uwansa, na saman kawai ne mai kyan gani. Yana da ƙarfi, ba ya saurin tsagewa, amma gam da gicciyen nan suna danne girgiza. A fuska, wannan bambanci ya fi na kowane sunan itace girma. A takardar bayani, idan ba ka ga kalmar "solid" a gaban sunan katakon ba, ɗauka manne ne, komai daɗin sauran kalmomin. Kana kuma iya gani da idonka. Karkata jitar wajen haske ka dubi bakin ramin, daidai kaurin fallen. Idan tsantsa ce, layukan jijiyar da kake gani a sama za su gangaro ta kaurin har ƙasa, a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Idan manne ne za ka ga hawa-hawa a kwance, na tsakiya da wani launi daban. Wasu kamfanoni suna shafa fenti mai duhu ko su zagaye bakin da roba, to nan sai ka dogara da takarda.

Tunda kana wajen hasken, dubi fuskar gaba ɗaya. Falle biyu ne aka tsaga daga gungume ɗaya aka buɗe su gefe da gefe, haɗinsu yana tsakiya. Layuka su kasance a miƙe. Idan kana ganin wasu ƙananan zare-zare masu sheƙi suna gicciye layukan, alama ce an yanka katakon daidai, abu ne mai kyau. Idan rabi ɗaya ya yi haske ɗayan ya yi duhu, kuma ka juya jitar suka yi musanya, to jijiyar ta ɗan karkace daga shimfiɗar fallen. Kaɗan ba ya komai, mai yawa yana rage tauri. Batun cewa sai layuka sun matsu sosai sautin yake kyau, wannan na ido ne. Adirondak da yawa layukansa a warwatse suke, kuma babu wanda ya ce ba ya kiɗa.

Akwai kuma jitocin da fuskar ma mahogani ce, kamar jerin 15 na Martin. Katako mai nauyi a fuska yana rage ƙara, ya tattara sautin a tsakiya, ya daidaita mai ƙarfi da mai rauni. Masu kiɗan bulus, wani salon kiɗa na baƙaƙen Amurka, da masu naɗar sauti a ɗaki suna ƙaunarsu. Ka gwada ɗaya in ka samu, domin irin jitar nan ce da mutum yake so nan take ko ya ajiye nan take.

Yanzu baya da gefe, inda gardamar take.

Abin da makaɗa suke faɗa shi ne rozwud yana ba da ƙasa mai zurfi da sama mai ƙyalli, sautin yana daɗewa, kuma kowane sauti yana tafe da wasu ƙanana masu rakiya. Mahogani kuma a bushe yake, kai tsaye, tsakiyarsa a gaba, sautin ya fito ya wuce ba ya jan jela. Misalin da kowa yake kawowa shi ne D-28 da D-18 na Martin, siffa ɗaya, na farko rozwud na biyu mahogani. Maganar tana da tushe a jikin katakon: rozwud na Indiya ya fi mahogani nauyi sosai, kuma in ka ƙwanƙwasa fallensa yana ƙara mai tsawo. Sai dai ka lura da wani abu. Idan ka ce kai mawaƙi ne, mai sayar da rozwud zai ce maka shi ya dace, don tsakiyarsa ta lotsa ta bar wa murya wuri. Mai sayar da mahogani zai ce nasa ya dace, don ba ya cika ɗaki da amo ya rufe murya. Hujja biyu masu karo da juna, kowace tana kai ka ga sayen abin da ke hannun mai maganar.

An gwada wannan a ilmance. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Lancaster a Ingila suka wallafa wani gwaji da aka yi da jita shida da kamfanin Fylde ya haɗa, siffa ɗaya, fuska iri ɗaya, bambancinsu kawai katakon baya da gefe: rozwud na Brazil, rozwud na Indiya, mahogani, mefil, safele da walnot. Makaɗa 52 suka kaɗa su a ɗaki mai duhu sanye da tabaran masu walda, don kada su gane katakon da ido. Makin da suka ba jitocin shida ya zo kusan ɗaya. Da aka sa wasu daga cikinsu su bambance jita da jita ta kunne da hannu kaɗai, abin ya yi musu wuya ƙwarai. Mafi tsada a cikinsu bai yi wa mafi araha fintinkau ba.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin cewa babu bambanci sam ba. Baya yana girgiza, musamman a jitar da aka yi wa aiki mara nauyi, kuma mai kaɗawa yana jin wannan a ƙirjinsa da haƙarƙarinsa fiye da mai sauraro a nesa. Abin da gwajin ya nuna shi ne bambancin ƙarami ne, ƙanƙantar da canza tsirkiyoyi ko canza fik yana iya shafe ta. Kuma da ka manna bayan jitar a cikinka, kamar yadda yawancinmu muke zama, ka riga ka kashe wani kaso na girgizar da ka biya kuɗi dominta. Gwada ka gani: kaɗa kod ɗaya, wato tsirkiyoyi da yawa a tare, jitar tana jingine a jikinka, sannan ka ɗan janye ta yadda bayan ba ya taɓa komai ka sake kaɗawa.

Sauran itatuwan ba sai mun daɗe a kansu ba. Safele, daga dazukan yammaci da tsakiyar Afirka, da Khaya, dangin maɗaci, su ne suke maye gurbin mahogani na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu a jitoci da yawa, kuma babu abin kunya a ciki. Safele ya ɗan fi shi nauyi, jikinsa da ratsi-ratsi. Mefil fari ne, sautinsa yana fita a rarrabe ya mutu da wuri, shi ne a bayan jitar J-200 ta kamfanin Gibson, kuma ya dace da dandamali inda lasifika ke ihu. Itacen koa na Hawaii kyansa ake saye tare da sautinsa. Walnot yana tsakanin mahogani da rozwud. In ɗaya ya burge idonka, wannan ma dalili ne, jitar da kake jin daɗin kallo ita kake yawan ɗauka. Kawai ka san cewa kyau ka saya.

Baya da gefe na manne kuwa ba abin gudu ba ne yadda fuskar manne take. Jitocin Selmer na Faransa, irin da makaɗin jaz Django Reinhardt ya yi suna da su, bayansu manne ne, kuma akwai manyan masu haɗa jitar gargajiya da suke manna gefe biyu da gangan don ya yi tauri ya bar fuska ta yi aikinta. Ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, tsantsar fuska da bayan manne daga kamfani mai aiki da tsabta ta fi jitar da aka ce duk tsantsa ce amma an yi ta da gaggawa.

Akwai ɓangaren doka, in kana ƙetare iyaka da jitarka ko kana saye daga wata ƙasa. Rozwud na Brazil yana jerin farko na yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, tun 1992, wato cinikinsa tsakanin ƙasashe a rufe yake sai tsohon katako mai takardu. Martin ma tun 1969 ya bar shi a jitocinsa na yau da kullum ya koma na Indiya. A farkon 2017 aka sa duk sauran dangin rozwud a jeri na biyu, abin ya dagula cinikin kayan kiɗa, har kamfanoni da dama suka canza katako. A ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗan da aka gama haɗawa daga wannan ƙa'ida, ban da na Brazil. Saboda haka sabuwar jita mai rozwud na Indiya ba ta da matsala. Tsohuwa da aka ce maka ta Brazil ce, kada ka miƙa kuɗi sai ka ga takarda.

Wuya da allon yatsu na daɗin hannu ne da ƙarko, ba na sauti sosai ba. Wuya galibi mahogani ne ko danginsa. Allo kuwa eboni ko rozwud, yanzu kuma har da wanda aka sarrafa daga takarda da gam mai tauri, kuma yana aiki. Idan ka ga eboni mai ratsin ruwan ƙasa kada ka ɗauka na banza ne. Bayan da Taylor da wani kamfanin Sifen suka sayi masana'antar yanka eboni a Kamaru a 2011, Bob Taylor ya bayyana cewa masu sara suna kayar da itatuwa da yawa su bar su a daji don cikinsu ba baƙi ƙirin ba ne, daga nan kamfanin ya fara amfani da mai ratsin. Taurinsu ɗaya.

Abin da ya fi sunan katakon baya tasiri nesa ba kusa ba, kuma ba ka tambaya ba, shi ne girman jiki da sandunan da ke manne a ƙarƙashin fuska. Babbar jita mai faɗin ƙugu, wadda ake kira dirednot, tana da iska mai yawa a ciki, ƙasanta yana da kauri, an yi ta ne don duka da fik. Matsakaiciya, irin wadda ake kira 000, ko OM da Martin ya fitar a 1929, ƙugunta a matse, tsirkiyoyi shida suna fita daidai wa daida, kuma hannun dama ba ya gajiya da rataya a kanta. Dirednot ta mahogani da dirednot ta rozwud sun fi kama da juna fiye da dirednot da OM da aka yi da katako ɗaya. Sandunan ciki kuma, waɗanda a jitar ƙarfe aka gicciya su kamar harafin X, su ne suke yanke yadda fuskar za ta motsa. In an fere tsakiyarsu, fuskar tana sakewa, ƙasa ya ƙaru. Martin ya daina fere su a 1944 saboda tsirkiyoyi masu nauyi suna kumbura fuska, daga baya ya dawo da su a wasu jitocin don makaɗa sun nema. Ga mai yatsu kamarka, matsakaicin jiki da sanduna marasa nauyi za su yi maka abin da babu wani rozwud da zai yi.

Ka kuma yi la'akari da iskar inda jitar za ta zauna. Tsantsar katako tana shan danshi tana kumbura, tana bushewa tana tsukewa, kuma ta faɗi take yin haka ba ta tsawo ba. Masana'antu suna haɗa jita a danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, nan take son zama. Idan iska ta bushe ƙwarai, ko ɗakin yana da na'urar sanyaya ko ɗumama wuri kullum, alamar farko ita ce bakin ƙarafunan wuya, waɗanda aka jera a gicciye kan allon yatsu, su fara cizon hannunka, domin allon ya tsuke su ba su tsuke ba. Daga nan fuska ta lotsa, tsirkiyoyi su fara zuza, sai tsaga ta biyo. Danshi mai yawa kuma yana kumbura fuska, tsirkiyoyi su yi sama, sautin ya dushe. Maganin mai sauƙi ne: ajiye ta a akwatinta, da ɗan ma'aunin danshi da soso mai laima a cikin abin da ba zai ɗiga ba. In ka san ba za ka iya wannan hidima ba, bayan manne ya fi maka kwanciyar hankali, ko da yake fuskar tana nan tana buƙatar kula.

Za a ce maka sabuwar jita sai ta shekara tana shan kiɗa sannan muryarta take buɗewa, musamman sufurus. Makaɗa da yawa sun shaida haka, kuma katako yana canzawa da tsufa. Har akwai kamfanonin da suke gasa fallen fuska a wurin da aka rage iskar shaƙa don ya yi halin tsohon katako, launinsa ya yi duhu, ya rage shan danshi. Duk da haka kada ka sayi jita a kan alkawarin gobe. Wadda ba ta yi maka daɗi yau ba, shekara biyar ba za ta mai da ita wata jita ba. Mai kyau ce take ƙara kyau.

Idan za ka riƙa jona ta da lasifika ta na'urar da ke ƙarƙashin ƙashin jaki, wato siririn ƙashin da tsirkiyoyi suke hawa a kan jaki, to bambancin katakon baya ya ƙara ƙanƙancewa, domin wannan na'urar matsin tsirkiya take ji kafin komai.

Ranar gwaji, ga yadda za ka yi. Tabbatar an saita tsirkiyoyin kowace jita daidai, kuma ka duba shekarunsu, domin jita mai tsada da tsofaffin tsirkiyoyi masu tsatsa za ta sha kaye a hannun mai araha da sababbi. Duba tsayin tsirkiya daga wuya. A ƙarfe na 12, mai kaurin nan ta kasance wajen milimita biyu zuwa biyu da rabi. Idan ta fi haka sosai hannunka zai ƙi jitar, kai kuma ka ɗora laifin a kan katako, alhali gyaran ɗan lokaci ne. Kaɗa waƙar da ka fi iyawa, wadda ba sai ka yi tunani ba, a hankali ƙwarai, ka ji ko jitar tana amsawa, sannan da ƙarfi ka ji inda take tsayawa. Bi kowace tsirkiya daga ƙasa har sama sauti ɗaya-ɗaya, kana neman wanda yake mutuwa da wuri ko wanda yake fin 'yan'uwansa ƙara. Kowace jita tana da ɗan wannan, galibi a wajen sautin F zuwa G na tsirkiyoyi masu kauri, abin dubawa shi ne kada ya yi yawa. Rera waƙa a kai da muryarka ta gaske, ba raɗa ba. Sannan ka ba wani ya kaɗa maka su ɗaya bayan ɗaya, ka juya baya, kada ya faɗa maka wacce ce wacce. In ba ka iya rarrabe ta rozwud da ta mahogani a haka ba, ka sami amsar tambayarka ta biyu, kuɗin da ya rage ka sa shi a akwati mai kyau da saitin wuya wurin gwani.

Da ni ne zan zaɓa maka ba tare da na ji su ba, sai in ce matsakaicin jiki, tsantsar fuskar sida, bayan mahogani ko safele. Idan kana jin nan gaba fik zai yi yawa a kiɗanka, ko za ka shiga cikin masu ganga da wasu jitoci, mayar da fuskar Sitka. Rozwud ka ɗauke shi in kunnenka ya zaɓe shi kana juye da baya, ko idonka ya kasa barinsa kuma aljihu ya yarda.

In ka tsayar da ɗaya, wadda ka kaɗa ita za a ba ka. Kada ka yarda a ɗauko maka "irinta" sabuwa a kwali daga ciki. Leƙa ramin ka karanta lambar da ke kan takardar ciki ko kan katakon gindin wuya, ka tabbata ita ce aka rubuta a rasit. In kuwa daga nesa za ka saya ba ka taɓa ta ba, nemi wurin da ya yarda a mayar da kaya cikin 'yan kwanaki, kuma ka bar ta ta huce a cikin akwatinta na wasu sa'o'i kafin ka buɗe ka yanke hukunci.